Ɗiyar da Yakaka ta bayar

Duk wanda ya sayi bandar kifi a unguwar Moduganari ta Maiduguri ya san Yakaka, mace ce da ba ta iya roƙo ba, ko gishiri ne ya ƙare mata gara ta ci lami. Amma a shekarar 1994 ciwo ya kwantar da ɗanta Harun, mai taya wani dillalin shanu aiki. Likita ya ce ɓargonsa ya daina yin jini, sai an fita da shi ƙasar waje an dasa masa na wani, kuma maigidansa ya ɗauki nauyin tafiyar. Sharaɗin ɗaya ne, a samu ɗan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya wanda jininsu ya dace, in ba haka ba dashen kansa zai iya kashe shi.

Yakaka ta kwaso yaran gidan kaf zuwa ɗakin gwaji, har da 'ya'yan maƙwabta da suka sha nononta, don a wurinta duk 'yan'uwa ne. Malama Salomi mai ɗibar jini ta yi dariya ta sallami rabinsu. Aka aika jinin sauran waje, amsa ta dawo babu wanda ya dace.

Saura Binta. Tun ranar yaye Yakaka ta ba yayarta Kellu ita, don Kellu ba ta taɓa haihuwa ba, kuma bakin Yakaka bai sake kiranta 'yarta ba. Yanzu Binta har ta zama malamar makaranta a Konduga. Yakaka ta ji kunya, ta ji tsoro, amma ta rufe kwandon kifinta ta hau mota.

Kellu ta saurare ta har ƙarshe, fuska a ɗaure.

“Da kika ba ni ita, ba ki ce aro ba ne.”

“Ba ita na zo karɓa ba, Yaya. Jininta kaɗan za a duba.”

“In ya dace fa?”

“Sai ta bi shi ƙasar waje.”

Bayan kwanaki Kellu ta kawo Binta Maiduguri da kanta. Jinin ya dace. Ranar da Yakaka za ta tafi da su, Kellu ce ta ɗaure wa Binta kaya, tana kuka ba ta ɓoye ba, ta kama hannun ƙanwarta.

“Ke kina da shida, ni ita kaɗai gare ni. Ki dawo min da ita.”

Yakaka ta ce, “Da su biyun zan dawo, Yaya.”