Jirgin Ammi Yunus

Wata safiyar Juma'a a cikin sanyin shekarar da na cika goma sha ɗaya, bayan alhazai sun watse, ni da ƙanena Umaru muka ɗauki jirgin da muka ƙera a ka, muka nufi filin Kudai daga unguwarmu Hindawiyya, a nan ƙasa mai tsarki. Katakon akwati ne muka haɗa, muka kafa masa gora, muka ɗinka buhunan fulawa uku domin kama iska, muka buga masa ƙarfen ganga a ƙasa. Nauyinsa ya kusa karya mini wuya, Umaru kuwa tun kafin mu yi rabin hanya yake mita.

Ammi Yunus, wato Baffa Yunus da Larabci, shi ne ya jawo mana wannan wahala. Tsoho ne mai gasa faffaɗan burodin da ake kira tamis a bakin layinmu, ya zo daga wata ƙasa mai sanyi can arewa, bai koma ba. Ina kai masa ruwa a garwa, shi kuma yana ba ni labarin tafkin garinsu. Ya ce da sanyi ruwan yakan daskare ya yi tauri kamar dutse, samari su ɗora jirgi mai ƙafar ƙarfe, iska ta kwashe su har su wuce doki. Ya ce kwana biyu suke tafiya zuwa wurin gasa, kuma ya taɓa zuwa na biyu. Yaran unguwar Misfala suka mai da shi abin tsokana, suna bin sa da "Ammi maƙaryaci". Abin ya ci mini rai, na rantse musu sai sun gani da idonsu.

Ƙanƙarar da na sani ita ce ta ruwan sama, 'yan ƙanana masu narkewa a tafin hannu. Saboda haka na ɗauka tauri kawai ake bukata. Kudai a lokacin fili ne, ambaliya ta bar laka ta bushe ƙamas, shimfiɗe kamar tabarma. Yara kusan ashirin suka taru. Iska ta zo yadda nake so, buhunan suka cika, na hau na riƙe igiya. Jirgin ko gezau. Umaru ya tura, ƙarfen ya nutse a ƙasa. Muka sauya wuri sau huɗu, har gorar ta karye ta buge ni a goshi. Dariyarsu ta fi bugun zafi.

Ban ko je gida ba, na zarce bakin tandarsa, na ce, "Ammi, ashe da gaske ƙarya kake yi." Ya dube ni ya ce, "Ya waladi, ɗana, me ka gwada?" Haushi bai bar ni na amsa ba. Daga ranar wani yaro ya riƙa kai masa ruwa.

Sai bayan shekara bakwai, a bikin yayata, aka miƙo mini sandar ƙanƙara in kai tukunyar sharbat, abin shan baƙi. Ta suɓuce, ta zarce a kan siminti har bangon ƙarshen tsakar gida ba wanda ya tura ta. Na tsaya hannuna a jiƙe. Ashe santsi ne, ba tauri kawai ba, abin da kowane yaro a garin su Ammi ya sani, shi ya sa bai ga dalilin faɗa mini ba. A lokacin ya shekara biyu a kabari.

Yanzu Kudai tashar motoci ce, jikokina kuma suna kallon irin jiragen nan a waya, ba wanda ke musu. Ni kan tashi in bar musu falon. Tambaya ɗaya Ammi ya yi mini, na ƙi amsawa.