Ranar da Yaya Ta Kira Sunan Ɗanta na Fari

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba zai kwashe ranar da yayata ta kira sunan ɗanta a tashar motar Ƙanƙara ba.

A gidanmu ba a wasa da kunyar ɗan fari. Tun da Yaya ta haifi yaron nan ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta zama inda yake zaune. Ko tuwo za ta ba shi, sai ta ce wa ƙannensa, "Ku kai ma wancan." Uban kuwa rabin shekara yana gona a Ketare. Ni kawunsa ni ne ɗan aike a tsakaninsu, kuma a lokacin duk muna yaba mata, muna cewa ta cika mace mai alkunya.

Da ya fara tasawa sai ya shiga cikin samarin da ke dakon buhuna a tasha ranar kasuwa. Su suka ce masa in ya ja wiwi buhun masara ba zai yi masa nauyi ba. Zama da maɗaukin kanwa ya kawo farin kai. Idanu suka yi ja, makaranta ta tsaya, ya koma surutu shi kaɗai a zaure. Kullum da hantsi abokan za su tsaya a ƙofar gida su ƙwala masa kira, ya fice, Yaya na kallo daga madafa.

Babu abin da ban gwada ba. Na yi faɗa, na yi duka, na karɓo rubutu. Na kai shi Mabai noma, ashe can ma akwai irinsu. Wallahi na gaji, gajiyar da barci ba ya maganinta. Daga ƙarshe muka kai shi wani asibiti a Katsina, aka kwantar da shi.

Ranar sallama likitar ta dubi Yaya ta ce, "Hajiya, magani kaɗai ba zai riƙe shi ba. In abokan suka kira shi, wa zai kira shi a gida? Kina zama ki yi hira da shi?"

Yaya ta ja mayafi ta rufe fuska. "Likita, ɗan hwari ne hwa. Mi zan ce mashi?"

Muka hau mota muka dawo tashar Ƙanƙara. Muna sauka sai ga samarin nan a gindin wata motar hatsi, suna ɗaga hannu suna kiran sunansa. Ya ajiye jakarsa a ƙasa ya nufe su. Ni dai na tsaya kawai, don ƙarfina ya ƙare.

Sai na ji an kira sunansa daga bayana. Yaya ce, a gaban direbobi da masu talla. Yaron ya tsaya cak, ya waiwayo.

"Inna, ni kika kira?"

"Kai na kira. Ɗauko jakarka mu tahi gida."

Ya dawo ya ɗauka, yana share ido da hannun riga.

Ba zan ce daga nan ya warke ba. Ya sha komawa, muka sha komawa asibiti, har yau muna lallaɓawa. Matan unguwa sun yi ta tsegumi wai Yaya ta zubar da kunya, ita kuwa ta ci gaba da ajiye masa tabarma kusa da tata. Abin da na koya shi ne, kunya ado ce, amma ba ta riƙe yaro. In ba a kira shi a gida ba, akwai masu kiransa a waje, kuma su ba sa gajiya.