Shekarar da Lauratu Ta Iya Lissafi

A wani ƙauye gabas da Ɗanbatta, inda gona ke manne da gona har wurin ɗaure akuya sai an nema, babu wanda bai san gidan Lauratu mai ƙuli ba. Ko baƙo ne, hanci zai kai shi. Tun tana amarya ta karɓi sana'ar a hannun uwar mijinta, ta yi ta har ta haifi 'ya'ya ta aurar, har mijin nata, Nababa, ya rasu ya bar mata 'yar gonar gyaɗa a bayan gari. Mace ce mai faɗa, mai sakin hannu, kuma babu abin da take taƙama da shi kamar cewa ba ta taɓa roƙon kowa ba. "Ni da sana'ata," in ji ta, ko ba a tambaye ta ba.

Sai dai kafaɗa ta fara ƙi. Matsar mai ba wasa ba ce. A soya gyaɗa, a murje, a kai inji a markaɗo, sannan a zuba a turmi a yi ta juyawa da taɓarya ana yayyafa ruwan zafi har man ya taso. Wannan juyin ne ya cinye ta, har ta kai in ta gama aiki ɗaura ɗankwali ma sai da cije leɓe. Shi ya sa da aka ce wata ƙungiya za ta koya wa mata lissafin kasuwanci, kuma wadda littafinta ya nuna riba za a ba ta ƙaramin injin matsar mai, Lauratu ta riga kowa zuwa. Ba son ilimi ya kai ta ba, gaskiya. Injin take so, don in babu shi sana'ar ta kusa fin ƙarfinta.

A ajin firamaren garin ake zama bayan la'asar, manyan mata a kan bencin yara, gwiwa har ƙirji. Mai koyarwar wata yarinya ce daga Kano, Malama Rumaisa, mai haƙuri da sanyin murya. Darasin farko, a ja layi a tsakiyar shafi, abin da ya shigo gefe guda, abin da ya fita gefe guda. Na biyu, kuɗin sana'a daban, na cefane daban. Nan mata suka fashe da dariya, don su dai a haɓar zani ɗaya kuɗin ke kwana. Lauratu ta taɓa ɗan karatun firamare kafin aure, saboda haka hannunta bai daɗe ba ya faɗa. Da wata ya cika ta kawo littafi tana taku ɗai-ɗai, gefen shigowa ya cika taf, gefen fita kuwa kuɗin markaɗe ne kawai da gishiri.

Rumaisa ta duba, ta ɗago kai. "Inna, ina kuɗin gyaɗar?"

"Wane kuɗi kuma? Ta gonata ce, ba saye na yi ba."

"Da kin kai ta kasuwa, ba kuɗi za a ba ki ba?"

"Za a ba ni mana."

"To ki rubuta ta a kan farashin kasuwa, kamar kin saya a hannun kanki. Matan da ke taya ki ɓarewa fa, me kike ba su?"

"Su Kaltume? Haba 'yar nan, maƙwabta ne. Ɗan tunkuza ne da mai a kwalba in za su tafi."

"Shi ma a rubuta. Da gyaran da kike yi wa masu saye."

Lauratu ta koma gida tana mita, wai mutum ya sayi abinsa a hannun kansa, ai wannan hauka ne na 'yan boko. Amma ta rubuta, don ita in ta kama abu ba ta yi masa rabi. Ta rubuta kowane kwanon gyaɗa. Ta rubuta ƙulin da take ƙara wa kowace mai saye, da man da take tsiyaya wa mai jego, da wanda take aikawa gidan rasuwa. A ƙarshen wata ta tara, ta ɗebe, ta ga abin da bai yi mata daɗi ba. Ta ce kuskure ne, ta sake. Ta kai wa Malama ta sake mata. Amsar ba ta motsa ba: gyaɗar da take sawa a turmi ta fi man da ƙulin da ke fitowa tsada. Ashe duk shekarun nan ba sana'ar ke riƙe da ita ba, gonar Nababa ce ke riƙe da ita da sana'ar baki ɗaya.

Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, amma ba ta saduda ba. Ƙara kuɗin mai ba zai yiwu ba, ga man inji nan a shago ya fi nata araha. Sai ta rage girman ƙuli, ta daina gyara. Mata suka fara cewa boko ya ɓata Lauratu. Ranar da ta ɗauko murfin kwalba ta auna wa Kaltume mai, matar da suka yi shekara da shekaru suna ɓare gyaɗa a tabarma ɗaya, Kaltume ta kalli murfin, ta kalle ta, ta ce, "Bar shi, Yaya, akwai saura a gida." Ba ta ƙara zuwa ba. Faɗuwar ta ragu a littafi, amma dai faɗuwa ce.

Ta sami Rumaisa bayan an tashi. "Malama, ai don babu injin ne. Da shi man zai fi fita, aikin ya ragu. Wadda ke faɗuwa ai ita ya kamata a ba."

Yarinyar ta sunkuyar da kai. "Wallahi Inna na faɗa musu. Sun ce sharaɗi ne, sai mai riba."

Da kaka ta zo, Lauratu ta yi abin da lissafi ya ce. Ta kira dillali daga kasuwar Ɗanbatta ya kwashe gyaɗar ɗanya, buhu bayan buhu. Ba ta taɓa riƙe kuɗi masu yawa haka a hannunta ba, kuma ba ta taɓa yin kuka irin na ranar ba tun rasuwar Nababa. Kafaɗa ta huta. Gidan ya yi tsit, babu hayaƙi, babu sallamar masu saye, babu hirar mata. Takan idar da sallar walaha ta rasa abin da za ta yi da sauran yinin, sai ta share tsakar gidan da ta riga ta share.

Ranar rufe aji aka kafa rumfa, aka zo da injuna a bayan mota. Aka raba su ga matan da ke sarar gyaɗa da araha su ɓoye har ta yi tsada, masu jarin da ita ba ta da shi. Lauratu kuwa aka kira ta gaba, aka ce littafinta ya fi na kowa tsabta da gaskiya, aka miƙa mata takardar yabo, aka tafa. Sannan wani baƙo daga ƙungiyar ya ce kowace ɗaliba ta tashi ta faɗi sunanta da sana'arta, don a ɗauka a waya. Mai ɗinki ta faɗa, mai daddawa ta faɗa, mai awara ta faɗa, har layi ya zo kanta.

Ta miƙe da takardar a hannu. "Sunana Lauratu," ta ce.

Baƙon ya riƙe wayar yana jira. Ta gyara mayafinta, ta koma ta zauna.