Tumun Gonar Kekun Waje

Ɗana na fari, wanda ba na kama sunansa, ya zo Bungudu daga Abuja a dogon hutun makaranta, lokacin gero ya fara nuna. Ya zo da matarsa da ɗansu, jikana ɗan shekara biyar, wanda nake tsokana da maigidana. Tun ba su gama sauke kaya ba na faɗi buƙatata: a kai ni gonarmu ta Kekun Waje in gasa wa yaron nan tumu. A gidanmu ba yaron da ya yi haƙori bai ci tumun gonar nan ba. Sabon gero ne, a karyo zangarniya tun da sauran danshinta, a babbaka a wutar kara, a murje a tafin hannu, a hure, a ba yaro. Haka mijina, marigayi Malam, ya yi wa dukkan 'ya'yansa, da ya rasu na ɗauka. Ga shi magada sun gama magana, ana girbe geron bana za a yanka gonar filaye. In yaron bai ci bana ba, shi ke nan.

"To Inna, za a duba," in ji ɗan nawa. Za a duba! Sai ka ce ofishinsa na je neman aiki.

Washegari aka ce in shirya, za a fita da yaro shan iska. Na ɗaura zanen gona. Ashe Gusau aka nufa, wai wurin wasan yara. Wayyo ni! Ciyawar roba aka shimfiɗa a ƙasa, a garin da ciyawa ke neman cinye mutane da damina. Ga wata giwar siminti, hancin ya gutsure. Ga jirgin ƙasa da ba ya zuwa ko'ina, zagaye kawai yake yi kamar akuya a turke. Manya-manyan mutane da gemunsu suna bin 'ya'yansu da waya, "Yi dariya! Kalli nan!" Yaro bai yi dariya don kansa ba, sai an umarce shi. Maigidana ya hau lilo ya sauko yana amai, aka ce ai ya more.

Na zauna a benci ina kallon ikon Allah. Matar ɗan nawa ta miƙo mini wani abu kamar auduga a tsinke, wai alewa ce. Na ce na gode, ban fara cin katifa ba tukuna.

Sai ana gobe za su koma ɗan nawa ya ga fuskata ba daɗi, ya ce to a je gonar, amma ba za a daɗe ba. Ya sa farar shadda da takalmi mai ƙyalli. Gona fa za mu! Muna isa ya tsaya a bakin kunyar gona yana nuna wa ɗansa maiwar maƙwabcinmu, wai ga geron kakanka. Wanda ya yi korar tsuntsu a gonar nan har muryarsa ta dushe, yau shi ne bai san iyakarta ba. Na kutsa ciki na zaɓo zangarniya mai kyau, na tara kara na hura wuta. Su kuwa hoto suke ta yi, matar tana ɗage zane kamar mai tsallake kwata.

Ƙamshi ya tashi. Yaron ya saki hannun uwarsa ya zo ya tsuguna gabana, ido a kan wuta. Wallahi raina ya yi fari. Na murje, na hure ƙaiƙayin, na ce, "Maigida, buɗe hannu, ga cefanenka." Ya buɗe ɗan tafinsa, na zuba masa da ɗuminsa. Har ya kai baki.

Uban ya riƙe masa hannu.

"Inna, kin kuwa wanke hannu?"

Na ce, "Mi ka ce?"

"Ba wani abu ba ne, cikinsa ne bai saba ba. Kin ga gobe muna kan hanya."

Ya kakkaɓe geron a ƙasa, ya karɓi wata 'yar jiƙaƙƙiyar takarda wurin matarsa ya goge wa yaron yatsu ɗaya bayan ɗaya. Yaron yana kuka yana waiwayena, aka toshe masa baki da biskit. Ni da na tauna abinci na sa wa wannan mutumin a baki, ni ake tambaya wanke hannu. Na raina shi a ranar, raini irin wanda ban san uwa tana iya yi wa ɗanta ba. Na tattake wutar da takalmina na riga su shiga mota.

Har yau yana zuwa, da sallah ko da hutu. Ina amsa gaisuwarsa, ina sa masa albarka, don haƙƙinsa ne. Amma ban sake tuƙa masa tuwo ba. In ya sauka sai in aika a sayo masa shinkafa a gidan abinci, a cikin roba, da ɗan cokalinta a leda. Yana cinyewa tas, ya ce, "Inna, abincin ya yi daɗi." Bai taɓa tambayar dalili ba.