Dalmar da Aka Rage wa Fatarita

Cikin duk shekarun da na yi a bakin mizani, ranar da ban taɓa mantawa da ita ba ita ce ranar da aka rage wa Fatarita kaya. Ku da kuka zo aikin awo a bayanmu ba ku san ta ba, wasunku ma ba a haife su ba lokacin. Godiya ce fara, gajeruwa, mai faɗin ƙirji, aka sa mata sunan dawar nan mai farar ƙwaya. To ku gyara zama. Kai Haruna, ajiye wayar nan, ba inda za ta gudu.

A lokacin ina mataimakin mai awo a kasuwar amfanin gona ta nan Gadarif. Zamanin ne da manyan gonakin tarakta, waɗanda muke kira mashru'u, suka mamaye daji har ƙasar Doka. Da kaka motoci kan yi layi tun daga bakin gari, riɗi a gaba, dawa a baya. Tsarin aikin kuwa kamar yadda kuka same shi ne: babban mai awo a sama, mu mataimaka a bakin mizani, sai 'yan dako masu ɗora buhu su sauke. Ni ke tura ƙarfen awo, ni ke faɗar nauyi da ƙarfi kowa ya ji.

Idan kaka ta wuce, sanyi ya shigo, masu gonaki suka sami sararin kansu, sai su koma ga dawakai. Akwai wani fili a bayan gari inda ake sukuwar tsallake kowace Juma'a bayan la'asar. Sai an fara bi da tarakta an farfashe ƙasar, don kun san baƙar ƙasarmu, in ta bushe takan tsage har ƙafar doki ta faɗa. Abin tsallakawa kuma ba wani abin a zo a gani ba ne: dammunan karan dawa, sai durom-durom na gas da aka kwantar, daga ƙarshe wani ɗan kwari da ruwan damina ya haƙa. Lajnar da ke shirya sukuwar, wato kwamitinsu, ta ari mizani ɗaya daga wajenmu, ta are ni tare da shi.

Ga abin da nake yi musu. Kowane doki akwai nauyin da lajna ta yanka masa, kuma nauyin ya haɗa da mahayi da sirdi. Kafin a tashi sai mahayi ya rungumi sirdinsa ya hau mizani. In bai cika ba, sai in ciko da sandunan dalma, waɗanda ake narkarwa daga tsofaffin baturan tarakta, a zura su a aljihunan wani ƙyalle a ƙarƙashin sirdi. Dokin da ya ci a ƙara masa, wanda ya yi ta shan kaye a rage masa. Bayan an gama kuma, na ɗaya da na biyu su sake hawa mizani a tabbatar ba su yar da kome a hanya ba. Sauran ba mai auna su.

Shugaban lajnar, muna ce masa Rayyis, tsohon likitan dabbobi ne, mutum mai sanyin magana. Shi burinsa a duniya ɗaya ne, kuma ya sha faɗa mana: ya raba nauyin nan daidai har wata rana dawakan duka su iso tare, kai da kai, a rasa wanda ya ci. In yana faɗa sai ya lumshe ido kamar yana ganinsu. Mukan yi masa dariya a ɓoye. Amma wallahi ni ma abin ya shige ni, har in ina auna riɗi da rana tsaka sai in ga layin dawakan nan suna tahowa tare.

Dawakan duk na masu gonaki ne da manyan 'yan kasuwa, ban da Fatarita. Ita ta Baba Jibo ce, ɗan dako a kasuwarmu, Bahaushe ɗan unguwarmu. Wata shekara ya je yankan riɗi a wani mashru'u wajen Doka, ya tarar an yar da ita tana 'yar ƙarama, ciwo ya cinye ta. Ya roƙa aka bar masa. Da dusa da haƙuri ya tashe ta, shi ke hawanta da kansa, don dogo ne siriri, duk jijiya. A zamaninsa ba ɗan dakon da ya kai shi. Buhun da mutum biyu ke kokawa da shi, shi kaɗai yake saɓawa ya hau katako da shi har cikin mota yana waƙa.

Da ta fara ci, lajna ta fara ƙara mata dalma. Masu dawakai in an ƙara wa nasu, sai su zo suna ɓacin rai suna gardama da Rayyis. Baba Jibo kuwa in na faɗi sabon nauyinta sai ya washe baki, ya bi rumfunan kasuwa yana ba da labari. Har ta kai ba dokin da ya kai ta kaya a filin nan. Mu Hausawa duk ita muke bi, daga masu yankan riɗi har teloli, har waɗanda ke hawo mota daga Shuwak don su gan ta.

To shekaru suka ja. A shekarar da nake ba ku labari, ta zo ta uku, ta zo ta huɗu, wata Juma'ar ma ta taɓa durom da kofato. Ana saura sukuwa ɗaya a rufe ta bana, lajna ta zauna a rumfar Rayyis, aka kira ni. Rayyis ya ce godiyar nan ta fara manyanta, nauyin da ke kanta na ƙuruciyarta ne, a cire mata sandunan dalma biyu. Kowa ya amince.

Na fito ina murna kamar an yi mini albishir. Duk wanda ya san harkar ya san dokin da ake bi ke nan: mai zuciya, wanda bai gama ƙarewa ba, aka kuma sauƙaƙa masa. Kafin la'asar maganar ta gama kasuwa. Masu shayi suna cewa bana kam tamu ce, wani tela har ya fara ɗinka mata sabon ƙyalle. Rabon da unguwarmu ta yi guɗar cin sukuwa an daɗe.

Washegari da hantsi ina goge mizani sai ga Baba Jibo, tsintsiya a hannunsa. Nan ne ya kamata in gaya muku abin da kowa ya sani amma ba mai faɗa. A dako, in mutum ya fara tsufa ba a korarsa. Sai shugaban 'yan dako ya fara tura masa ƙananan buhuna, daga nan rabin buhu, daga nan a miƙa masa tsintsiya ya riƙa tara ƙwayar da ta zube. Ba wanda zai ce masa ka gama, kayan ne ke faɗa masa. A kakar nan aka miƙa wa Baba Jibo tasa tsintsiyar.

Na tare shi da fara'a, na ce Baba an ji labari? Bai amsa gaisuwata da kyau ba. Ya tsaya yana kallon ƙarfen awo, can ya ce, "Sale, ɗana, me ta yi muku?"

Na yi ta yi masa bayani. Na ce ai gata aka yi mata, da wannan nauyin ba mai kama ta, mutanenmu duk sun sa rai. Na ce ƙafafunta ba na da ba ne, kwarin nan kuma ba ya wasa. Ya bar ni na gama tsaf.

Ya ce, "Ni ma da aka ba ni wannan, gata aka ce an yi mini. Ka mayar mata da kayanta."

Haushi ya kama ni, ba zan ɓoye muku ba, don ni ma ina son mu ci. Na kai shi wajen Rayyis ina fatan ya ji daga sama. Rayyis ya saurare shi da Larabci, ya sake saurara da na fassara masa abin da tsohon ya ƙara da Hausa. Rayyis ya ce a dokarsu an hana doki ya ɗauki ƙasa da abin da aka yanka masa, amma ba a hana ƙari ba, don ba a taɓa tunanin wani zai nema ba. Ya gargaɗe shi a matsayinsa na likita, ya gaya masa ƙarara cewa godiyar na iya rasa ƙafa. Baba Jibo ya ce ya ji. Rayyis ya dube ni ya ce in rubuta nauyinta na da.

Ranar Juma'a da hannuna na zura sandunan nan biyu a ƙyallen. Da na faɗi nauyi, sai na ji gunaguni ya tashi ta ɓangaren mutanenmu. Wani ya ce tsohon nan ya haukace. Shi ko waiwayawa bai yi ba.

Aka tashi. Filin nan faɗi gare shi, in dawakai suka yi nisa sai kawalwalniya ta ɗauke su. Daga inda nake tsaye sai na ga kamar ba a ƙasa suke ba, kamar cikin ruwa suke tafiya, ƙafafunsu sun ɓace, sai wuyoyi da fararen riguna suna lilo a hankali. Hayaniyar mutane ma sai ta yi mini nisa. Da suka kewayo wajen durom-durom, na rantse muku, akwai ɗan lokacin da suka jeru dukansu, kai da kai, farar tana tsakiya. Na juya na dubi Rayyis, na ga ya miƙe tsaye, bakinsa a buɗe. Ban san ko daidai na gani ba ko rana ce ta yi mini wasa da ido. Har yau in na rufe ido a nan nake tsayar da su.

Amma ba su tsaya ba. Nauyi ya fara yi mata magana, aka wuce ta ɗaya bayan ɗaya. Da ta iso kwarin ita kaɗai ce a baya. Na ce a raina, Baba ja linzami, don Allah ja. Bai ja ba, ita ma ba ta nemi ya ja ba. Ta tashi, ta haye, ta dira, sai ƙafar gaba ta hagu ta lanƙwashe. Ba ta faɗi ba. Ya diro nan take, ya kama linzami, suka taho a ƙasa, tana ɗingishi yana tafe a gefenta.

Kafin su iso na riga na auna na ɗaya da na biyu, ana ta kiɗa a wancan gefen, na fara naɗe igiyar mizani. Sai na ga mutane suna darewa. Baba Jibo ne, ya kwance sirdi ya rungume shi da ƙyallen dalma, gumi ya jiƙe masa riga. Ya zo ya hau mizani ya tsaya.

Na ce masa a hankali, Baba, na ƙarshe ba a auna shi. Bai sauka ba. Na dubi Rayyis, ya gyaɗa mini kai.

Na tura ƙarfen har ya tsaya cak a inda ya tsaya kafin a tashi. Na buɗe murya irin wadda nake yi wa motar riɗi, na ce, "Fatarita, kaya ya cika!"

Ba wanda ya yi tafi. 'Yan dakon da ke wurin ne kawai na ga sun matso, tsofaffinsu a gaba, ɗaya ya karɓi sirdin daga hannunsa, wani ya tafi neman ruwa. Shi kuma ya sauka ya koma wajenta, ya durƙusa ya riƙe ƙafar. Ni dai hawaye ne suka zubo mini a gaban jama'a, ban kuma ji kunya ba.

Rayyis ya yi jinyar ƙafar da kansa, ta warke har tana iya tafiya, amma ba ta sake tsallake ko damin kara ba. Mutanen unguwarmu sun daɗe ba su yafe masa ba, kuma ba na ganin laifinsu. Da an bar ta da abin da lajna ta yanka, ina da yaƙinin da ta ci, da kuma ta ƙara shekara tana gudu. Ita ba a tambaye ta ba. Wannan yana damuna har yanzu, kuma ban taɓa cewa Baba Jibo ya yi daidai ba. Allah ya jiƙansa.

Abin da na ɗauka daga ranar shi ne wannan. Mu masu awo mukan ɗauka in lissafi ya yi daidai, magana ta ƙare. Lissafin lajna daidai yake, niyyarta ma mai kyau ce, amma ba wanda ya tuna ya kira tsohon nan gefe ya yi masa magana kafin kasuwa ta ji. Da na zama babban mai awo, na roƙi shugabannin dako abu ɗaya: kada a sake rage wa mutum kaya sai an zauna da shi tukuna, a kuma bar shi ya zaɓi ranar da kansa. Ku ma ku riƙe wannan. Mafi yawansu in an tambaye su sukan ce a bar su su ƙarasa kakar nan. Ku bar su su ƙarasa.