Bizar Hajiya Tasalla da Bencin Asibiti

Wata rana cikin kaka, wata dattijuwa tana zaune a tsakar gidanta a Malumfashi tana ɓarar gyaɗa, sai wayarta ta yi ƙara.

Sunanta Hajiya Tasalla. Tsohuwar malamar firamare ce da ta yi ritaya. Maigidanta ya rasu, 'ya'yanta mata suna ɗakunansu, ɗaya a Gusau, ɗaya a Minna.

Gidan da a da hayaniya ba ta barin mutum ya ji sallamar baƙo, yanzu in cokali ya faɗi a kicin sai an ji shi har zaure.

Mai kiran ɗanta ne, Nafi'u. Yana aiki a wata ƙasar Larabawa, a sashen ba da magani na wani babban asibiti. Rabonta da ta sa shi a ido an daɗe. Tun yana cewa sai Sallah, har ya koma cewa sai yadda hali ya yi.

Ya ce mata tunda shi hutu ya ƙi samuwa, ita ta zo.

Ta ce to, Allah ya kai mu.

Amma tana ajiye wayar ta bar wa kaji gyaɗar, ta shiga ɗaki ta sauko da akwati daga kan wadirof.

Shi Nafi'u mutum ne mai tsari. Ba ya sayen ko allura sai ya yi bincike.

Ya gano ƙasar tana sayar wa baƙi wata takarda guda mai ɗauke da abu biyu: biza, da izinin shiga wuraren tarihi masu ɗimbin yawa. Ya tambayi abokan aikinsa. Ya karanta ra'ayoyin mutane a intanet. Kowa bakinsa ɗaya: in mutum zai yi yawo sosai, takardar riba ce, domin in an sayi biza daban, tikitoci daban, sai aljihu ya ji a jikinsa.

Ya saya mata, ya kira yana murna yana lissafa mata abin da za ta gani. Tsohon birnin da aka sassaƙa a jikin jan dutse. Tafkin gishirin da ba a nutsewa a ciki. Ganuwoyi, gidajen tarihi, hamada.

Ita kuwa tana saurarensa ne tana ƙulla kuka da daddawa a leda. Ta sa busasshiyar kuɓewa, ta sa yaji, ta cika ɗan galan da man shanu. Tunaninta ɗaya: yaushe rabon yaron nan da tuwo?

A filin jirgi ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta a gaban jama'a. Ta dube shi kallo ɗaya ta kawar da kai. Ya rame. Sai ta tambaye shi ya aiki.

Kafin su isa gida wayarsa ta yi ta ƙara daga asibiti.

Da suka isa ya miƙa mata kwafin takardar, wanda ya buga a farar takarda ya sa cikin leda don kada ta jiƙe. Ya ce ya riga ya yi magana da masu motar yawon buɗe ido, kullum da safe za su ɗauke ta a bakin layi, su dawo da ita da yamma. Ba za ta zauna ita kaɗai a gida ba, in ji shi.

Ta karɓa da hannu biyu, ta sa masa albarka.

Washegari ya fita tun bayan asuba.

Ita kuma ta shiga mota.

Motar cike take da Turawa da 'yan China da wasu da ba ta san daga ina suke ba. Kowa da nasa. Miji da mata, uwa da 'ya, tsofaffi biyu masu riƙe da hannun juna. Kujerar kusa da ita ce kaɗai babu kowa, sai ta ɗora jakarta a kai don kada wurin ya yi ta kallonta.

Mai yi musu jagora yana zuba Turanci kamar ana korarsa. Tana tsintar abin da ta tsinta, sauran ta bar wa iska.

Ranar da suka je birnin dutse, sun yi tafiya mai nisa a wani siririn lungu tsakanin duwatsu biyu, gwiwoyinta na ƙara. Kwatsam sai lungun ya buɗe, ga wani gini ja jawur, dogo kamar zai taɓo sama, an sassaƙa shi a jikin dutsen ba tare da bulo ko ɗaya ba.

Ta tsaya cak. Ta ce tabarakallah.

Ta juya dama za ta ce, ka ga ikon Allah?

Babu kowa a damanta, sai wani raƙumi a durƙushe yana tuƙa.

A wurin nan ta zama mai ɗaukar hoto. Duk masoyan da suka ga dattijuwa tsaye ita kaɗai sai su miƙo mata waya, su rungumi juna, su yi dariya. Ta ɗauki wannan, ta ɗauki wancan.

Can wata Baturiya ta ce ta kawo tata wayar ita ma a ɗauke ta. Ta tsaya a gaban ginin, ta rasa inda za ta sa hannuwanta. A ƙarshe ta riƙe bakin mayafinta.

A tafkin gishiri mutane suka kwanta a kan ruwa suna shewa. Ita ta zauna ƙarƙashin wata lema tana gadin takalman mutanen da ba ta san sunansu ba.

A wani gidan tarihi ta ga tulu cikin gilashi, sak irin wanda kakarta ke sanyaya ruwa a ciki a ƙauye. Ta yi dariya ita kaɗai. Ta daɗe a gabansa tana neman wanda za ta gaya wa. Mai gadi ya zo ya nuna mata agogo.

In azahar ta yi, sai ta nemi gefen wani dutse ko bayan mota ta shimfiɗa ɗankwali ta yi sallarta, ta ci ɗan abin da ta ƙunso, ta koma kujerarta.

Da yamma ta dawo da ƙafafu a kumbure, amma ba ta kwanciya. Sai ta ɗora tukunya. Nafi'u ya shigo a gajiye, ya yi loma kaɗan, ya tambaye ta yau ina aka je. In ta faɗa sai fuskarsa ta washe, ya ce madalla, an rage wuri ɗaya. Kafin ta kai tsakiyar labari kansa ya langaɓe a kujera.

Sai ta rufe tuwon, ta zauna tana kallonsa yana barci.

Za ku ce me ya hana ta magana?

Nafi'u ɗan farinta ne. A tarbiyyar da ta taso, uwa ba ta kama sunan ɗan fari, balle ta buɗe baki ta ce ta yi kewarsa. Ga shi kuma ta ga yadda yake alfahari da takardar nan. Guminsa ne. Ita ce ta koya masa cewa ba a wasa da abin da aka sha wahala aka samu. Ta yaya za ta ce masa ba ta so?

In 'ya'yanta mata sun kira, sai ta ce komai lafiya, ƙasa ta yi kyau, ɗan'uwanku yana ƙoƙari.

Haka kwanakin suka yi ta zubewa.

Ana saura kwana biyu ta koma, da safe yana ɗaura agogo, ya ɗauki takardar ya duba. Ya ga wuraren da ba ta je ba sun fi waɗanda ta je yawa. Hankalinsa ya tashi.

Ya ce akwai wata tafiya zuwa hamada, ana kwana a tanti, a dawo washegari da yamma. Daidai ke nan, tana dawowa sai haɗa kaya sai filin jirgi. Har ya fara danna waya zai kama mata wuri.

Tana tsaye tana yafa mayafi. Sai ta tsaya. Ta zare shi, ta ninke, ta zauna a bakin kujera.

Ya ce, "Inna, in ba ki je wannan ba, takardar ba ta biya kuɗinta ba."

Ta ce, "Na duba takardar nan ciki da bai. Abin da na zo gani ba ya ciki."

"Mene ne shi, Inna? Ki faɗa min, ko nawa ne zan biya."

Ba ta dube shi ba. Bango ta kalla.

"Kai."



Nafi'u ya ajiye wayar a hankali. Mutumin da ya yi lissafin komai, ya ga abu guda da bai taɓa sawa a lissafi ba.

Nan take ya kira shugabansa ya roƙi hutun yini ɗaya. Aka ce a yi haƙuri, abokin aikinsa ba shi da lafiya, babu mai tsaya masa. Ya sake roƙo. Aka sake ba shi haƙuri.

Ya tsaya a tsakiyar ɗaki kansa a ƙasa, kamar ɗalibin da ya zo makaranta a makare.

Ita ce ta fitar da shi. Ta tambaye shi ko asibitin nasu babu benci. Ya ce akwai, na masu jiran magani. Ta ce to, shi ke nan, ta mayar da mayafinta.

A ranar, motar yawon buɗe ido ta yi ta hon a bakin layi har ta gaji ta wuce.

Hajiya Tasalla ta wuni a kan bencin ƙarfe, tsakanin masu tari da masu riƙe da ciki, tana fuskantar wata taga ta gilashi. A bayan gilashin ɗanta ne cikin farar riga.

Ta ga furfura ta fara fito masa a gefen kunne.

Ta ga yadda ya zagayo ya tsuguna gaban wani tsoho, yana nuna masa ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya cikin Larabci, har tsohon ya gane ya shafa masa kai.

Ta ga yana cin busasshen burodi a tsaye a bayan ƙofa, don kada layi ya jira.

Ta ga yana murza bayan wuyansa in ya gaji, daidai yadda mahaifinsa ke yi.

Duk lokacin da layi ya ɗan yi sauƙi, sai ya ɗaga kai ya neme ta. In sun haɗa ido sai ta yi sauri ta kalli gefe, kamar ba shi take kallo ba.

Bayan azahar ya fito da shayi a kofin takarda guda biyu, ya zauna kusa da ita. Ya tambaye ta gida. Ta gaya masa mangwaron tsakar gida ya yi 'ya'ya har reshe ya karye, ta gaya masa waɗanda suka rasu a unguwa da waɗanda suka yi aure. Wasu ma bai san sun rasu ba.

Shi ma ya gaya mata abin da bai taɓa faɗa a waya ba. Ya ce in ya koma gidan nan, da bango yake gaisawa. Ba shi da aboki, ba shi da wurin zuwa. Ya cika mata kwanaki da yawo ne don yana jin kunyar ta zauna ta ga yadda rayuwarsa take fayau.

Ashe su biyun kaɗaici ɗaya suke ɗauke da shi, kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa.

Shayin ya ƙare. Aka kira shi. Ya koma bayan gilashi.

Washegari ma bencin ta koma.

Da ta dawo Malumfashi mata suka cika gida ana sannu da zuwa, waya tana yawo hannu zuwa hannu ana kallon jan dutse da tafkin gishiri. Wata maƙwabciyarta, wadda ita ma 'yarta ke shirin ɗaukarta zuwa can, ta matso ta tambaye ta ko takardar nan mai haɗe da biza ta cancanci a saya.

Hajiya Tasalla ta ce takarda ba ta da laifi, akwai sauƙi a cikinta, wuraren kuma abin a gani ne. Ta ce ta dai fara tambayar 'yar tata wa zai zauna kusa da ita a motar.

Baƙi suka watse kafin magariba.

Nafi'u har yanzu bai samu zuwa ba. Ya ce ya nemi hutu, yana jiran amsa. Amma yanzu in ya fito shan shayi yakan kira ta, su yi hira har a neme shi.

In ya kashe, takan daɗe da wayar a hannu kafin ta tashi ta kunna fitila.

Darasi:

Kafin ka tambayi ko abu ya biya kuɗinsa, tambayi wanda ka saya wa me yake so.

Takarda za ta buɗe maka ƙofar ƙasa, ta buɗe maka ƙofar kowane gidan tarihi. Amma ba ta zama kusa da kai a mota.

Iyayenmu da yawa ba za su taɓa cewa sun yi kewarmu ba. Za su ce komai lafiya, su sa mana albarka, su karɓi abin da muka ba su da hannu biyu. Mu ne za mu karanta shirunsu.

Duwatsun nan sun daɗe a tsaye, kuma za su jira ka. Mahaifiyarka ba dutse ba ce.

In kana da wani ɗan'uwa da aiki ya haɗiye, tura masa wannan. In kuwa kai ne, ajiye karatun nan ka kira gida tukuna, sannan ka dawo ka yaɗa.