Kujerar da Ta Daina Jin Nauyin Yayana

Yayana ya daɗe yana tuƙa motar ɗaga kaya a siton da nake aikin ƙirga kaya. Shi ya yi mini hanya na shiga. A can ba mai kiransa da sunansa, Buhu ake ce masa, domin idan ya zauna a kujerar motar sai ya cika ta har ya zubo ta gefe. Na taɓa sa shi ya hau sikelin kaya da wasa, ya buga kilo ɗari da huɗu. Kuma gwani ne. Yakan zura cokulan motar, wato ƙarafan nan biyu na gabanta, ƙarƙashin katako mai ɗauke da kwalaye sittin, ya ɗaga, ya juya a lungun da ni ko da baro sai na yi dabara, kwali ɗaya bai motsa ba.

A ƙarƙashin kujerar nan akwai wani ɗan maɓalli. Muddin direba na zaune, nauyinsa na danne shi, mota na amsa giya. Da ya tashi, sai ta ba shi daƙiƙa biyu, ko gargada ce ta ɗaga shi. In bai koma ba, ta zare giya da kanta, cokulan ma su tsaya cik. An yi shi ne don kada mota ta yi tafiya ba kowa a kai. To amma direbobinmu sun mai da shi ɗan aike. A kan shimfiɗaɗɗen siminti ba mai damuwa ya fitar da giya ko ya ja birkin hannu. Kwali ya faɗo? Ka miƙe tsaye, ka ce "ɗaya, biyu," ka dire. Yaya ne ma ya koya wa rabinsu.

Sai ciwon suga ya kama shi. Ya fara ramewa kamar ana yankarsa da wuƙa. Matarsa ta rage masa wando, ta sake ragewa, daga baya ta ce ba sauran inda za ta kama. Ya koma saka rigar sanyi a cikin zafin sito don ya cika ido. 'Yan dako kuwa ba su da sabo.

"Buhu, wa ya huda ka?" in ji ɗaya. "Ku bi sawunsa da tsintsiya, hatsi na zuba!"

Yakan yi dariya ya ce su ci gaba, ranar da ya cika zai zauna a kan mutum.

Manyan sito sun yarda da rigar, kujera ba ta yarda ba. Shekarun da ya yi yana danne maɓallin da jiki mai nauyi sun gajiyar da shi, yanzu ga mai kilo sittin da 'yan kai. Ya ɗan karkata ya leƙa bakin cokula, sai giya ya fita. Rannan ina tsaye da idona, yana hawa gangaren da ake bi a shiga bayan tirela, ya leƙa gefe, motar ta saki, ta fara komawa baya da kaya a sama. Ya take birki da ƙarfi, kwalaye uku suka zubo.

Na bi shi bayan tarin tayoyi. "Yaya, ka gaya wa bakanike mana. Abin nan ba wasa ba ne."

"In gaya masa, ya gaya wa shugaban sito, a ce me ya sa na rame, a tura ni wurin likitan kamfani. Kai ka taɓa ganin wanda aka ji yana jiri aka bar shi a kan mota?" Ya share gumi. "Yara biyar gare ni, ƙanena. Wannan kujerar ita ce gonata."

Abin da ya yi shi ne ya samo wani guntun farantin ƙarfe mai nauyin gaske, ya cusa shi ƙarƙashin katifar kujerar, daidai kan maɓallin. Mota ta daina saki. Kullum idan ya tashi aiki sai ya zare shi ya ɓoye a bayan tayoyin, kafin Dogo, direban yamma, ya karɓi mota. Shi kansa ya koma jan birkin hannu duk saukar da zai yi, har 'yan dako suna cewa Buhu ya tuba.

Ranar da abin ya faru, sugansa ya faɗi ana cikin lodi. Idonsa ya yi fari. Ya kashe motar, ya lallaɓa ya fita ta ƙofar baya don kada a gan shi, ya hau babur ɗin haya ya tafi gida. Ƙarfen na nan inda yake.

Dogo ya hau, ya yi lodin tirela ɗaya lafiya. A ta biyu leda ta naɗe a bakin cokali. Ya miƙe, ya ƙirga, ya dire, ya zagaya gaba ya sunkuya. Motar ba ta san ya sauka ba. A hankali ta biyo shi, ba gudu ba ƙara, ta matse ƙafarsa da tarin katako. Ƙashin ya karye wuri biyu.

Shugaban sito ya ce maganar a fili take: Dogo bai ja birkin hannu ba, don haka shi ya jawo wa kansa, kuma kamfani ba ya riƙe direba mai ganganci. Aka kulle motar, aka ce bakanike zai duba ta washegari.

Na tarar da Yaya a ƙofar ɗakinsa, labari ya riga ni isa gare shi, matarsa ta ajiye masa abinci bai taɓa ba. Na ce masa makullin wurin yana hannuna, da sassafe zan iya zare ƙarfen kafin kowa ya iso.

"Sai kuma a ce me ya faru?"

"A ce maɓalli ya maƙale. Yana faruwa ai."

Matar ta dube shi, ta dubi yaran da ke cin abinci a tabarma, ta ce, "Baban yara, ni dai ban ce komai ba."

Ya ce in kai shi asibiti wurin Dogo tukuna. Muka sami Dogo kwance, an ɗaure ƙafar an rataye. Yana ganin Yaya ya kama hannunsa.

"Buhu, wallahi na ƙirga. Yadda ka koya mini. Har uku na kai. Ko dai kaina ne ya fara taɓuwa?"

A hanyarmu ta dawowa Yaya ya ce mini kada in taɓa motar.

Da safe shi da kansa ya ɗaga katifar kujerar a gaban shugaban sito da bakanike. Bakanike ya juya ƙarfen a hannu, ya danna maɓallin da yatsa, ya girgiza kai.

"Haba Buhu. Sabon maɓalli na nan a akwatina tun bara. Da ka yi magana, kafin shayinka ya huce na canza maka."

Kamfani ya ɗauki nauyin jinyar Dogo, aka ce aikinsa na jiransa idan ƙafar ta yarda. Yaya kuwa aka sauke shi daga mota har abada. Don daɗewarsa ba a kore shi ba, aka ba shi ƙofa, yana ɗaga wa tireloli sanda. Babbar 'yarsa ta bar makarantar kwana ta dawo ta unguwa.

Duk ƙarshen mako yakan je gidan Dogo. Matar Dogo ba ta amsa gaisuwarsa, takan shimfiɗa masa tabarma ta shige ɗaki. Dogo bai zage shi ba, bai kuma ce ya yafe ba. Zuwan da na raka shi, sun daɗe zaune, sandar Dogo na jingine a tsakaninsu, sannan Dogo ya ce, "Wa ke kan motar yanzu?"

"Wani sabo ne. Ba ka san shi ba."

"Ya iya?"

"Yana fasa kaya," in ji Yaya. "Amma yana jan birki."